Jifan da Bai Taɓa Sanda Ba

Na Allah ne mu, gare shi kuma ake komawa, kowa da ranarsa. Ranar Talata da hantsi ya karɓi kakana na wajen uba, wanda mu jikokinsa haifaffun Jidda muke kira Sidi. Kafin la'asar maza sun ɗauke shi. Mu mata iyakarmu bakin ƙofa. A garin nan ba a rubuta suna a kan kabari, ba a kafa masa alama, bayan 'yan shekaru ko ɗan mamaci sai ya tsaya yana dube-dube. Abin da ke saura na mutum shi ne abin da bakin jama'a ya riƙe. Abin da bakin mutanen unguwarmu ta Nuzla ya riƙe game da Sidi kuwa a karkace yake. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, ni da ba ni da haƙurin zama.

Mata sun cika mana gida tun ba mu gama shimfiɗa tabarmi ba. Maƙwabciyarmu 'yar Sudan ta ce shekara da shekaru yana yi musu wanki, bai taɓa mayar da riga da ɓataccen maɓalli ba. Wata ta ce ba a taɓa jin muryarsa ta tsallake bangon ɗakinsa ba. Tsohuwar da ke sayar da gyaɗa a ƙofar makarantarmu ta share hawaye da gefen mayafi, ta ce bawan Allah ne, ya yi zamansa a duniya kamar ba ya nan. Duk suka gyaɗa kai. Yabo suke yi, na sani. Amma ina riƙe da butar gahawa, saura kaɗan in dire ta in fita. Kamar ba ya nan, wai. Mutumin da in ya fita sayen gawayi gidan yake yi mini faɗi.

Na maza ya fi ciwo. Bayan magariba aka jera kujeru a lungu, aka ja wayar ƙwayayen lantarki daga gidanmu zuwa na gaba. Tagar kicin ɗinmu a kan lungun take, duk abin da aka faɗa a waje yana shigowa tare da sauro. Da farko addu'a ce da ban haƙuri. Can sai na ji dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake toshewa da tafin hannu. Ban leƙa ba na san Kawu ne ya fara. Yayan kakata ne, kawun Babana, mu ma Kawu muke ce masa. Labari ɗaya gare shi a duniya, kuma a kan Sidi ne.

Ga yadda yake ba da shi. Ba da daɗewa da rushe ganuwar gari ba, Sidi yana wanki da guga a unguwar wasu Amurkawa masu gyaran jiragen sama, can wajen filin jirgi. Sai ya zama kowace Juma'a, da an sauko daga masallaci, sai ya ɓace. Sai magariba ya dawo, wando duk ƙasa, yana dafe da kafaɗa. Kakata, Sitti, ta tura yayanta ya bi sawu. Kawu ya bi, mai gadi ya bar shi ya shiga, ya zauna a kan wani tsohon duro a bakin fili. Me zai gani? Mijin ƙanwarsa, magidanci mai iyali, an kafa masa hular yara mai baki, an tsayar da shi a kan tudun ƙasa a cikin rana. Wani Bature ya tsaya can gabansa ya ɗaga sanda. An ba Sidi ƙwallo, wai ya jefi sandar. Ya jefa, ya kuskure. Ya sake, ya kuskure. Baturen ma don tausayi har kai sandar yake yi wajen ƙwallon ko a dace, amma ina. Wannan ya gaji ya yar da sanda ya tafi yana zage-zage, wani ya zo ya riƙe masa. Haka aka wuni. Duk kuskuren da ya yi sai a kwashe da tafi da fito. A kan allo kuma wani yana ta zana 'yan da'irori a jere, biyar, biyar, biyar, abin da ake cin su ke nan kowane zagaye. Da aka tashi suka ɗaga shi sama kamar buhun gero, suka juye masa bokitin ruwa a ka.

"Wallahi ko makaho ne da ya dace sau ɗaya," in ji Kawu.

A nan ake dariya. Tun kafin a haife ni a nan ake dariya. Daga labarin nan Sidi ya samu sunan da ya bi shi har makara, Mai-Kuskure.

Na leƙa ta tagar. Baba yana zaune a layin masu karɓar gaisuwa, kansa a ƙasa, yana murza carbi kamar zai tsinka shi.

To, bari in faɗi abin da Kawu ya gani, tunda shi bai san abin da ya gani ba. Masu wasan suna ce masa besbol, Sidi yana ce masa ƙwallon sanda. Mai sanda so yake ya maka ƙwallon ya yi nisa, ya ruga ya zagaya kusurwa huɗu na fili, ya dawo inda ya tashi, wurin da suke kira gida. In ya dawo gida, an ci ɗaya. Mai jifa kuwa aikinsa ya wuce da ƙwallon ta gaban mutumin nan, kusa har ya ji iskarsa, amma kada ya same shi. In ya kai duka sau uku bai samu ba, ya fita. Abin da Kawu ya kira kuskure shi ne gwanintar. Da'irorin kan allo kuma ba biyar ba ce irin ta lissafin Larabci da muka taso da shi, sifilin Turawa ne. A ranar ba mutum ɗaya na wancan ɓangaren da ya dawo gida, daga farkon wasa har ƙarshensa. Wannan shi Sidi yake kira rufe ƙofa, kuma a wurin masu wasan babu abin da mai jifa zai yi da ya fi shi.

Ni ma da labarin Kawu na girma. Shekarata ta farko bayan firamare wata yarinya ta kira ni jikar Mai-Kuskure a gaban aji, na yaga mata littafi, aka kore mu gida mu biyu. Ban cire kayan makaranta ba na haye saman rufi, inda Sidi yake shanya. Ko sallama ban yi ba. Na ce, Sidi, da gaske ne ba ka iya jifa ba?

Ya dube ni. Sannan ya sunkuya ya tsinci ƙwallon dabino, ya waiga ta kafaɗar hagu, ya ɗaga ƙafa ɗaya. Hannun ban gan shi ba. Sai dai na ji ƙas, gwangwanin madara da ke kan katanga can ƙarshen rufi ya yi tsalle ya faɗa lungu. Ya tsinci wani ya ce in zaɓi abin da zai samu. Na nuna masa hankakan da ke kan eriyar maƙwabta. Ya ce a'a, wannan tsohon abokin aiki ne. Ya samu ƙarfen eriyar dab da ƙafarsa, hankakan ya tashi yana ƙorafi.

"Matar nan tawa," ya ce, don haka yake kirana tun ina rarrafe, "ke ce ta farko a gidan nan da ta tambaye ni."

Daga ranar, in na dawo makaranta wurinsa nake zuwa. Yana guga yana ba ni guntu-guntu, ba a jere ba, sai yadda ya zo masa. Mahaifiyarsa ta zo daga ƙasar Hausa da ƙafa, ta sauke farali, ta haife shi a nan, ba ta koma ba. Yana ƙarami aikinsa tsaron kifin da ake shanyawa a bakin teku, da tsakuwa a aljihu, shi da hankaki da kyanwoyi. A can hannun ya koya. Da ya girma ya samu wanki a wurin Amurkawan, sai ga hankaki sun biyo shi, suna ɓata masa fararen zannuwan gado. Wata rana wani tsohon makanikinsu ya ga yadda yake korarsu, ya kira shi bayan garejin, ya tsuguna da wata safar fata mai faɗin faranti, ya ce ya jefo. Sidi ya jefa. Tsohon ya cire safar yana yarfe hannu yana hura shi. Mai jifansu ya tafi gida hutu a lokacin, ga wasa da mutanen wani kamfani ranar Juma'a. Haka aka fara.

Tsohon makanikin nan Larabcinsa a kakkarye yake, Turancin Sidi kuma bai wuce na riga da wando da sitaci ba. Amma da shi suka yi shekaru suna hira. Tsohon yakan zo ya zauna a kan benci a ɗakin guga, ya kunna lofe, ya shiga ba da labarin masu jifa na zamanin farko a ƙasarsu, lokacin da aka fara biyan mutum albashi don ya yi wasan. Ya ce a can ana lissafa wa kowane mai jifa yawan ƙofofin da ya rufe, kuma waɗanda ke saman jerin mutanen dā ne, na baya ba su kamo su ba. A zamaninsu mutum ɗaya ne ke jifa daga farko har ƙarshe, ba mai zuwa ya karɓe shi in hannu ya mutu. Ƙwallo ɗaya ake ta dukansa har ya yi baƙi ya yi laushi. Gobe a hau jirgin ƙasa zuwa wani gari a sake.

Sunayensu ba su zauna a bakin Sidi ba, sai ya raɗa musu nasa, ya jera su a yatsunsa. Babban yatsa Dogo ne, ɗan ƙauye mai dogayen hannuwa, shi ne kan gaba. Ya fi kowa ƙarfin jifa, amma tausayi ya yi masa yawa, kullum tsoronsa kada ya fasa wa wani kai. Abokan wasansa kuma ba su iya duka ba, sau da yawa ɗaya tak suke ci masa, shi kuma ya tsare ɗayan nan har a tashi. Manuniya Mashayi ne, wanda duk gwanintarsa kwalba ta cinye shi, ya ƙare ba shi da komai. In Sidi ya zo kansa sai ya ajiye dutsen guga. Na tsakiya Malam, wanda ba ya wasa ranar ibadarsu ko me za a ba shi. Yana maganarsu kamar 'yan'uwansa da suka tafi ci rani suka mutu a can. Na ce masa ai ba Musulmi ba ne. Ya ce Allah ya fi mu sanin su, shi dai ya san ciwon da kafaɗarsu take yi da asuba.

Yakan ce sana'a biyu ya sani da in ka ƙware ba a ganin komai, wanki da jifa. Riga ta fita ba tabo, allo ya tashi ba ci, mai wucewa ya ce yau ba a yi aiki ba. Na tambaye shi ƙofa nawa ya rufe. Ya ce bai ƙirga ba, bai kai Dogo ba, amma ya fi Kawu.

Wasan ya bar masa ɗabi'u da mutanen gida suka yi wa fassara iri-iri. Kafin ya ɗaga komai, ko dutsen guga ko kofin shayi, sai ya waiga ta kafaɗar hagu. Sitti ta daɗe tana zaton wani abu yake gani, har turare ta yi masa. Ashe mai gudu yake dubawa, kada ya sace hanya ta bayansa. In an ba shi lemo sai ya murza shi a tafukan hannu biyu kafin ya ɓare, kamar yadda ake murza sabon ƙwallo. Hannunsa na dama ba ya miƙewa sosai, in ya yi kabbara ɗaya yana riga ɗaya isa.

Yanzu maganar Baba, wadda ita ce ciwon. Lokacin da labarin Kawu ya zaga Nuzla, Baba saurayi ne ɗan makaranta, mai jin kai, wanda bai son ko ƙura ta taɓa masa takalmi. Abokansa suka samu abin yi. In ya shigo sai ɗaya ya ɗaga tsintsiya, ɗaya ya yi ta jifan iska. Ya yi dambe ya dawo da fasasshen leɓe. Sidi ya kira shi ya ce ya zauna ya gaya masa yadda wasan yake. Baba bai zauna ba. Sitti ce ta ba ni kalmominsa, ta ce har yau suna kunnenta.

"Ka zama abin dariyar Nasara, ka mayar da mu abin dariyar Nuzla. Kada ka sake yi mini maganar nan har abada."

Sidi ya ce halas, shi ke nan. Juma'ar nan bai je ba. Tsohon makanikin ya zo har bakin lungu da mota, Sidi ya aika a ce kafaɗa ta ƙi. Bai sake hawa tudun nan ba. Maganar kuma bai sake yi ba, tunda ɗansa ya ce har abada.

Kada wani ya karanta wannan ya ce Baba ya wulaƙanta ubansa. Kowace safiya sai ya sumbaci kansa kafin ya tafi aiki tashar jiragen ruwa. Abinci, magani, sabuwar riga da salla, bai taɓa gazawa ba. Hira ce kawai babu. Na taso ina ganin mutum biyu suna cin abinci a faranti ɗaya kamar waɗanda suka haɗu a mota.

Wannan shi ne faɗan da na yi ta yi da Sidi. Na ce masa wannan ba haƙuri ba ne, wauta ce. Ya tara mutane ya gaya musu, ko ya kai su fili su gani. Ya yi dariya ya ce da ni ce matarsa ta gaske da tuni ya gudu Makka. Sannan ya ce a wancan lokacin ko iƙama, takardar izinin zama, ba shi da ita, kuma wanda ba shi da takarda ba ya neman a san sunansa. Gara a ce ga sakaran da Turawa ke wasa da shi, da a ce ga baƙin da ke kunyata Turawa, a zo a tambayi wane ne kafilinsa, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa. Na ce to yanzu ai akwai takarda. Sai ya kawo maganar Kawu.

Kawu ya tsallako teku daga Sudan ne bayan zazzaɓi ya kwashe masa mata da 'ya'ya a damina ɗaya. Ya zauna a gidan ƙanwarsa kusan shekara, ba ya magana sai amsa sallama, ba ya fita sai masallaci. Ranar da ya dawo daga filin nan, yana ba Sitti labari, sai dariya ta kuɓuce masa har ya riƙe ciki. Ita ce ta farko tun zuwansa. Bayan kwana kaɗan a shagon gahawa ake kiransa, a ja masa kujera, a saya masa shayi, a ce ya ba da na Mai-Kuskure.

"Na ga mutum ya samu wurin zama a cikin mutane," in ji Sidi. "In janye masa kujerar don a ce na iya jifa?"

Na ce, ɗanka fa? Ya yayyafa wa rigar da ke gabansa ruwa, ya ci gaba da guga. A duk tambayoyina wannan ce kaɗai bai taɓa amsawa ba.

Ciwonsa na ƙarshe bai daɗe ba. Ina ba shi kunu da cokali, yana ƙorafin na cika sauri, wai ko a ba wa mutum abinci sai na yi kamar ana kora ta. Sai ya riƙe mini wuyan hannu ya ce ya san halina, in ya tafi kada in ƙwace wa Kawu labarinsa a gaban mutane. Na yi alkawari ba don ina so ba. Na ce Baba fa? Ya rufe ido, har na zaci barci ne.

"Ni ya hana," ya ce. "Ke bai hana ki ba."

Rana ta biyu ta zaman makoki, da safe kafin baƙi su fara zuwa, Baba ya hau saman rufi zai kwance igiyoyin shanya don a ɗaure rumfa da su. Na bi shi da muciya da lemun tsami guda. Na miƙa masa muciyar na ce ya riƙe. Ya ce, ya binti, 'yata, gawa jiya ta fita daga gidan nan, wannan aibi ne. Na ce zan jefo lemun nan, ya doke shi sau ɗaya, sai in sauka. Ya san ni, ya san ba zan sauka ba sai an yi. Ya riƙe muciyar kamar mai jiran maciji. Na ja baya na jefa. Ni ban gaji hannun Sidi ba. Baba ya make lemun, ya tsallake katanga ya faɗa rufin maƙwabta.

"To, na samu. Sai me?"

"Ka ci ni ke nan, Baba. Ni na faɗi, ba kai ba. Da Sidi ne ya jefo, da har magariba kana dukan iska."

Na gaya masa duka, da sauri, don kada ya tsayar da ni. Yadda wasan yake, da aikin mai jifa, da sifilin kan allo, da abin da ake kira rufe ƙofa. Ya ce ai Kawu da idonsa ya gani. Na ce ƙwarai, Kawu bai yi ƙarya ba, kowane abu da ya faɗa ya faru. Ya tambayi tafin. Na ce tafin gaske ne. Ya tambayi ruwan da aka juye masa. Na ce haka suke yi wa wanda ya fitar da su kunya. Ya tambaya tun yaushe na sani, na faɗa masa. Sai ya yi tambayar da nake jira, me ya sa shi bai gaya masa ba.

Na ce, kai ka hana shi.

Akwai bahon wankin Sidi a kife a gefe, Baba ya zauna a kai. Ya tambaya, a hankali, ko saboda shi ya daina zuwa. Da wata ce da ta ce kafaɗa ce. Ni ban iya zagaye-zagaye ba, na ce e. Na kuma gaya masa wasiyyar Sidi a kan Kawu. Ya zauna da muciya a kan gwiwa yana kallon igiyoyin da bai gama kwancewa ba, har aka kira shi daga ƙasa aka ce baƙi sun iso.

Wunin ranar da washegari ban samu natsuwa ba. Baba bai dube ni ba, bai kuma yi maganar ba. Tsorona biyu ne. Ko ya tashi ya ƙaryata Kawu a gaban jama'a, ya rushe abin da Sidi ya yi rabin rayuwarsa yana tsarewa, ko ya haɗiye maganar ya binne ta, mu ci gaba kamar ban hau rufin nan ba.

Rana ta uku bayan magariba, ana shirin fitar da shinkafa da waken hummus na rufe zaman makoki, wasu tsofaffi suka zo daga unguwar Mahjar. Ɗayansu ya ce Allah ya jiƙan Mai-Kuskure, ya juya ya ce wa Kawu yaya ma abin nan ya faru. Kawu ya gyara zama. Ina bakin taga. Ya kai daidai wurin makaho, sai na ji ƙarar kujera ana ja a ƙasa. Baba ne ya taso daga layinsa, ya jawo kujerarsa har gaban Kawu, ya zauna gwiwa da gwiwa.

"Kawu, ban taɓa tsayawa na ji labarin nan har ƙarshe ba. Mutum nawa suka riƙe masa sandar?"

"Duk cikinsu, ɗana. Ƙarti, wani wuyansa kamar na bijimi."

"Ba wanda ya ruga ya zagayo?"

"Wa zai zagayo? Ɗaya ya ɗan taɓa ya ruga, ya tsaya a hanya kamar an dasa shi, ya gaji ya koma wurin 'yan'uwansa."

"Shi fa? Yaya fuskarsa take?"

Kawu ya kalli ƙwan lantarki. Ina jin a duk shekarun nan ba wanda ya taɓa tambayarsa wannan.

"Ka san abin mamaki? Bai ji kunya ba. Yana tsaye a kan tudun nan kamar gadonsa ne. Ban taɓa ganinsa da tsawo irin na ranar ba."

Baba ya gyaɗa kai. Ya ce, "Sake ba ni daga farko, Kawu. A hankali. Kada ka tsallake komai."

Kawu ya ji daɗi, ya koma tun daga mai gadi da tsohon duro. Mutane suka yi dariya a inda aka saba. Baba ma ya yi, a karo na farko, hawaye na gangarowa cikin gemunsa, idonsa a kan bakin Kawu kamar mai jin ƙishirwa. Gahawa ta tafasa ta zube a bayana ban juya ba.

Kawu ba ya karanta boko. Duk ɗan Nuzla da wannan ya shiga hannunsa, ya sani ya kuma riƙe bakinsa. In an zo wurin dariya ya yi dariya.

Allah ya gafarta wa Sidi, ya sanyaya makwancinsa, ya hutar da kafaɗar nan. Ya ba Sitti da Baba haƙuri, ni ma ya ɗan ɗiba mini. Kawu kuma Allah ya ƙara masa kwana da lafiyar harshe, don shi kaɗai ya rage a cikinmu da ya gani da idonsa. Amin.